Yadda Aka Yi Ta Sayar da Muryar Babana

Ni tela ne a kasuwar Illela, kuma tela ba ya rabuwa da rediyo. Shekaru da yawa akwatina ba ya barin tasha ɗaya, wata ƙaramar tashar AM da ke bayan gari. Mutum uku suka mallake ta, ɗaya bayan ɗaya. Na farkon ban ƙi shi ba. Sauran biyun, ko yanzu aka ambace su sai na ji ɗaci a bakina.

Wanda ya kafa ta wani dattijon ɗan kasuwa ne mai kai kaya Ƙonni. Ba don Allah kaɗai ya yi ba, tallar hajarsa ta fi komai yawa. Amma a tsakanin talla ana cigiyar saniyar da ta ɓata, ana sanar da rasuwa, ana gaisuwa da Fulatanci, kuma da harshenmu ake magana. Akwai wani shiri da suke bin ƙauyuka suna hira da tsofaffin masu sana'a. Ta haka suka je Kalmalo suka sami babana.

Babana masunci ne, mutum mai kunya, ko a taron suna ba ya ɗaga murya. Da ƙyar ya yarda. Suka zaunar da shi a bakin tafki, suka tambaye shi labarin goransa, wato babbar ƙwaryar nan da masunci ke kifa ciki a kai ya shiga ruwa. Ya ce, "Ni dai tun da nis same shi ban koma neman wani ba. Ko tsuhwa ya zo, in ina tare da shi ban jin tsoro." Ranar da aka sa hirar na ƙure murya, maƙwabtana na layin teloli suka tsai da kekunansu suna saurare. Na yi alfahari da shi.

Da dattijon ya rasu, magada suka sayar wa wani ɗan siyasa. Makon farko ya sallami ma'aikatan gari, ya kawo wasu daga nesa masu cewa "me" inda muke cewa "mi". Cigiya ta tafi, shirin ƙauyuka ya tafi. Daga safe zuwa yamma waƙar yabonsa ce da zagin abokin takararsa.

Wata ranar kasuwa ina ɗinkin hannun riga sai na ji mai gabatarwa yana cewa, "Mun je Kalmalo mun tambayi wani dattijo ra'ayinsa a kan ɗan takararmu." Sai muryar babana: tun da ya same shi bai koma neman wani ba. Allura ta shige mini yatsa ban ji ba.

Kalmalo kuwa kusan duk mutanen ɗayan ɓangaren ne. Abokan babana na masallaci suka ja baya da shi, aka ce an ba shi buhun shinkafa ya sayar da gari. Na hau mashin na same shi zaune yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

Na ce, "Baba, ka bari in tai in same su."

Ya ce, "Ka tai ka ce musu mi? Murya tawa ta. Wa zai yarda da gora nika magana?"

Na je duk da haka. Mai gadi ya tsare ni a ƙofa, manaja ya leƙo ya ce mai gida yana Sakkwato, in rubuto takarda. Na rubuta. Suka ci gaba da sawa har aka yi zaɓe. Ɗan siyasar ya faɗi, kuma ban ɓoye murnata ba. Babana ya rasu a damina ta biyu bayan haka. Wasu daga cikin abokan nasa sun zo jana'iza, wasu ba su zo ba.

Tashar ta yi wata da watanni a rufe, sai wani mai maganin gargajiya ya karɓe ta. Wannan bai damu da labarai ba, bai damu da waƙa ba. Shi da kansa ke zama yana lissafa cututtuka: basir, sanyi, shawara, da abin da bai kamata a faɗa gaban yara ba. Na riga na daina kama tashar. Ƙanwata ce ta kira ni daga Kalmalo tana kuka, ta ce in kunna.

Tallar maganin maza ce. Mutumin ya gama batsarsa, ya ce, "Ku ji shaida daga bakin wani tsoho." Sai babana, wanda ke kabari, yana cewa ko tsufa ya zo ba ya jin tsoro. Innarmu ta ji da kunnenta, a rediyon maƙwabta, ta katanga. Kwana uku ba ta fito tsakar gida ba.

Wannan karon ban tsaya wurin mai gadi ba. Na tarar da mai maganin a ofis, kwalabe jere a bayansa.

Na ce, "Alhaji, tsohon da kaka sawa cikin talla ubana na, kuma ya rasu. Ka ba ni kaset ɗin."

Ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Amma Malam, ni gida nis saya da duk abin da ac ciki. Kuma wa yas san shi? Ba a hwaɗi suna nai ba."

"Kalmalo duk ta san shi. Mata tai tana da rai."

Ya yi dariya, ya ɗauko kwalba ɗaya ya tura mini, wai in kai wa tsohuwa, yana maganin ciwon gwiwa. Na ɗauka na maka ta da bango. Ma'aikatansa suka fitar da ni, aka kai ni gaban mai unguwa, ni aka sa na ba da haƙuri. Limamin unguwarmu ne ya bi bayan maganar, ya je ya yi wa mai maganin nasiha. Alhajin ya cire tallar mako biyu, sannan ya mayar.

Abin da ya tsayar da ita ba kunya ba ce. Na'urar watsa shirin ce ta ƙone, ba a sami mai gyara ba, mutane ma sun koma FM da waya. Aka sauke eriya aka sayar wa 'yan gwangwan, ginin ya zama wurin ajiyar albasa. Na tambayi wanda ya share ɗakunan ina kaset-kaset, ya ce an tara su da takardu an cinna musu wuta.

Bara na haɗu da mai maganin a wani ɗaurin aure a Darna Sabon Gari. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya gane ni, ya miƙo hannu a gaban jama'a. Na dube shi, na bar hannuna a aljihu. Yayana da muka je tare ya yi mini faɗa a hanyar komawa, ya ce Musulmi ba ya haka, na ce na ji.