Takardun Saje a Bakin Gorunan Iri

Mun tashi da asuba, ana sallame sallah, ko gida ban koma ba. Mu biyu ne, ni da maƙwabcina da muka daɗe muna tsayawa sahu ɗaya. Ya ce zai raka ni ne don ya ga Aliero, amma na san masar tasha ce ta fito da shi. A aljihuna akwai wasiƙar ɗiyar yayana, malamar makaranta a Maiyama. Ta ce tunda an ba mu jiharmu, an umarci kowace firamare ta fito fareti. An ba makarantarsu ganguna da kuge, amma ba wanda ya san abin da za a kaɗa. Ta rufe da cewa, "Bappa, a kawo mini akwatin Baba."

Akwatin yana nan ƙarƙashin gadona a Jega. Abin da ke cikinsa ne babu. Shekara tara, duk lokacin da ta tambaya sai in ce yana nan a ajiye. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

A tasha muka samu wata tsohuwar Fijo da aka yi wa sabuwar lamba ta jiharmu. Lambar kaɗai ce sabuwa a jikinta. Ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta, kuɗin mota kuwa ya kusa ninkawa a kan yadda na san shi. Da na yi magana, ɗan kamasho ya ce ai yanzu mu manya ne, mun bar Sakkwato. Maƙwabcina ya sayi masa da ƙuli, aka naɗe masa a takarda. Na kau da kai, don takardar naɗe kaya ita ce tushen wannan tafiya.

Bari in faɗa muku wane ne yayana. Saje ake ce masa, duk Jega. Tun yana saurayi ya bar galma ya shiga soja, aka sa shi cikin 'yan badujala. Begila yake busawa, wato ƙahon soja. Shi ke tashin bariki da safe, shi ke busa idan za a sauke tuta, kuma lokacin yaƙi shi ya yi ta busa a kan kaburburan abokansa. Wannan na ƙarshe bai cika son a tambaye shi ba. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya tara samarin gari da 'yan makaranta, ya koya musu ganga da tafiyar soja. Idan ana ƙwallo su ne, idan alhazai sun dawo su ne, idan baƙo ya zo daga lardi su ne. Ko goro ba ya karɓa. Ya kan ce shi aiki ya koyo, ba roƙo ba.

Ni ban ga bambancin ba. Gidanmu manoma ne, ba mu gaji kiɗa ba. Wata rana a wurin ɗaurin aure wani ya nuna ni ya ce, "Ga ƙanen makaɗi nan," aka yi dariya. Wannan dariyar ta sa na daina cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi. Daga baya na ja katanga na raba gidan mahaifinmu biyu. Shi kuwa har taya ni kwaɓa ƙasa ya yi. Katangar ta raba mu, amma ba ta tare sauti ba. Kowace safiya bayan hantsi sai ya busa wani take da ya shirya wa yaran Jega da kansa, ni kuwa ina wancan ɓangare ina tsaki.

Da ya rasu, matarsa ta riga shi, ɗiyarsa kuma tana gidan miji, akwatin ya dawo hannuna. Na buɗe na tarar da littattafai da takardu maƙil, an ja musu layuka biyar biyar, da ɗigo baƙaƙe kamar an yafa irin albasa a kan kunya. Akwai hotuna, akwai begilar. A lokacin ina sayar da irin albasa, takardar ƙulli kuma tana wuya. Sai na fara yagowa ina naɗe wa masu saye. Ragowar damin na ba wani dillalin iri a Aliero. Begilar na kai wa wani maƙeri a Jiga Makera, ya gyara mini galma biyu a madadinta. A raina har na yi wa gidanmu wanki.

Hanyar Aliero ba nisa, amma ramuka sun ƙara mata tsawo. Tun kafin mu shiga gari warin albasa ya tarye mu. Kaka ce, ko'ina jajayen buhuna, manyan motocin kudu sun jeru ana ta lodi, ga rumfunan kara da ake ajiye ta don ta sha iska. A bakin hanya mun wuce wasu da aka kawo wurin masu ɗori, ɗaya a kan gado a bayan a-kori-kura. Maƙwabcina ya ce Aliero ke nan, ka zo da karaya a ɗora ka, ka zo lafiya albasa ta sa ka kuka.

Dillalin yana nan a rumfarsa, ya tsufa kamar ni. Da ya gane ni sai ya tafa hannu.

"Kai, ashe kana da rai! Mi yak kawo ka, iri ko tsiya?"

Na ce tsiya ce, na faɗa masa takardun da na ba shi nake nema. Ya yi dariya har da tari.

"Takardar shekara tara? Malam, je ka tono ta gonakin mutane, ta zama taki."

Na tashi zan tafi, sai idona ya kai bangon rumfar. Hoton sojoji ne sahu biyu da kayan busa, ƙudaje sun ɓata gefensa. Na uku daga hagu Saje ne, yana saurayi, hula a karkace, begila a ƙirji. Na manta yana da wushirya. Dillalin ya ce a cikin damin ya tsince shi, ya kuma daɗe yana ce wa 'yan kudu ƙanensa ne, don kada su raina shi a ciniki. Na ce a raina, wani ya ɗauki yayana aro yana tutiya da shi, ni da nake da shi na ja katanga.

Ganin fuskata ya sa ya daina dariya. Ya shiga daga ciki ya fito da gorunan da yake ajiyar iri. Kowanne an toshe bakinsa da dunƙulen takarda. Ya ce takardun soja sun fi kauri, ƙwaro ba ya huda su, shi ya sa bai taɓa canja su ba. Muka zauna mu uku muna zarewa muna warwarewa a kan gwiwa, muna cusa tsumma a madadinsu. Wasu sun rududduge. Shida suka fito da rai. A saman ɗaya, da rubutun da na sani, an rubuta: Taken yaran Jega.

Daga nan kabu-kabu muka hau zuwa Jiga Makera, mu biyu a bayan direba, hanyar rairayi. Sau biyu muka sauka muka tura. A ƙarƙashin wata tsamiya muka sha fura wurin wata Bafulatana, nono mai kauri, ba a tsinka shi da ruwa ba kamar na cikin gari. Maƙwabcina ya sha tasa ya taimake ni da tawa. Na riga na sallama cewa begilar ta zama munduwa a hannun wata amarya.

Tun daga nesa muka ji ƙarar maƙera. Maƙerin ya sauke guduma ya dube ni, ya dube ni. Na ce begilar na biyo, ɗiyar marigayin ce ke nema.

"Ba kai ne kac ce in narke ta ba? To mu ƙirar baƙi muka gada. Ubana bai taɓa sa tagulla wuta ba, ni ma ban sa wa."

Ya miƙa hannu saman rumfa ya sauko da ita. Ta yi baƙi, ta lotsa a wuri biyu, an ɗaura mata tsirkiya. Ashe tun daga lokacin ita ce mai kiran gayya a ƙauyen, ita ke korar tsuntsayen jan-baki idan dawa ta fara nuna. Wasu dattawa da ke zaune ba su so a ba ni ba. Ɗaya ya ce to wa zai kore musu tsuntsu bana. Maƙerin ya ce gwangwani ma ya isa tsuntsu, amma marainiya ba ta da wani uban. Ya sa mini ita a hannu ya ce, "Galmunan nan biyu suna ina?" Na ce sun daɗe da cinyewa. Ya ce, "To ka gani."

Wanda ya san ƙasarmu ya san ba a zuwa Maiyama daga Aliero sai an sake bi ta Jega. Nan ne tafiyar ta fi yi mini nauyi. Mota ta tsaya a tasha da azahar, ina hango bishiyar dogon yaro ta ƙofar gidana. Zuciya ta ce in sauka, in zuba waɗannan a akwati, in aika da direba, in ce gara ce ta cinye sauran. Wa zai ƙaryata gara? Har na sa ƙafa ɗaya ƙasa. Maƙwabcina, da duk yinin bai yi zancen komai ba sai abinci, ya ce an ce kifin Maiyama ya fi na nan araha, kuma shi bai ga dalilin sauka ba. Na mayar da ƙafata.

Mun haye gulbi, ruwa ya ja baya, masu lambu sun bi shi da shuka har tsakiya. Da la'asar muka iske ta a makaranta, yara sun tashi, ita da wani malamin wasanni suna duba gangunan. Sunan mahaifiyarmu gare ta, don haka Inna nake kiran ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta yana neman akwati.

Na ce, "Inna, zauna." Na faɗa mata duka, har galmunan biyu. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba.

Ta daɗe tana shafa lotsawar begilar. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro wata takarda da aka naɗe a leda, duk ta yi layin ƙulli. Ta ce shekarar da Baba ya rasu mijinta ya sayo iri a kasuwar Jega, ta zo juyewa ta ga rubutun ubanta.

"Na sani tun ran nan, Bappa. Ina tambaya ne don in ji daga bakinka."

Na ce, "Ki yahe mini." Ta ce ta yafe nata, na Baba kuwa sai dai mu roƙa masa Allah tare.

Malamin wasannin ya koyi karanta irin wannan rubutu a kwalejin horon malamai. Ya jera takardun a kan benci, ya gano uku na taken yaran Jega ne, har da wadda ta ajiye. Ya fara rerawa a hankali yana buga benci da yatsa. Da ya kai tsakiya ya tsaya, ya ce shafi ɗaya babu, daga nan sai a yi tsalle zuwa ƙarshe. Inna ta gwada ta kasa, ta ce tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana.

Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Abin da na yi shekaru ina yi wa tsaki ta bayan katanga, ashe yana nan zaune cikin kaina, ko gaɓa ɗaya bai zube ba. Malamin ya ɗauki alƙalami ya ce, "Baba, sake." Na sake. Sau bakwai ya sa ni, yana rubutawa. Dattijo da furfura, wanda ya raba gida don kada a ce masa ƙanen makaɗi, yana tsaye a filin makaranta yana rera take, maƙwabcina yana kaɗa masa kuge ba kan gado. Inna tana dariya tana share ido da bakin gyale.

A gidanta muka kwana. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kifi, maƙwabcina ya tabbatar da labarin da ya ji. Da safe na bar mata begila da takardun da hoton. Ta ce ranar fareti in zo in zauna a gaba, kuma idan aka tambayi wanda ya shirya taken, ni zan tashi in faɗi sunansa. Na ce zan zo.

Mun iso Jega kafin azahar. Abin da na koyo a wannan tafiya ba shi da yawa. Dillali ya adana yayana don takardarsa na da kauri, maƙeri ya adana shi don gadonsu ya hana shi, ɗiyarsa ta adana shi a leda shekara tara tana jirana. Ni da na fi kowa kusa da shi, ni na yage shi ƙulli ƙulli. Idan akwai akwatin wani mamaci a ƙarƙashin gadonku, kada ku ce ba ku gane abin da ke ciki ba, ku nemi wanda ya gane.

Kafin in shiga ɗaki na tsaya gaban katangar. Damina tara ba a yaɓe ta ba, ruwa ya ci kanta, ta gajarce har ina hango gindin darbejiyar da yake zama ya yi busa. 'Ya'yana sun daɗe suna cewa a yaɓe ta kafin ruwa ya sauka. Na ce su bar ta, su kawo mini diga.