Kanwa a Cikin Bawon Gyaɗa

Shekara biyu bayan babban farin nan, mutane na neman abin sawa a baki, mu kuwa a lambun gwaji na bayan garin Magaria aka sa mu noman fure. Fure fa, na yankewa a kai Damagaram a jera a teburin manya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ba a ƙasa muke shuka shi ba. Gwangwanaye muke cikawa da wankakken yashi da bawon gyaɗa, mu narka takin zamani a ruwa mu riƙa ba shi. Aikina shi ne awo. Duk Litinin in zuba ruwa a gwangwani, in tari wanda ya ɗigo ta ƙasa a ƴar kwalba, in ɗiga magani, in gwada launinsa da kati don in san ko abincin shukar ya isa. Akwai kuma wata ƴar takarda da ake tsomawa, in ta koma shuɗiya to ruwan ya yi kanwa. Ita ban cika kula ta ba.

Mai ban ruwanmu wani dattijo ne daga Bande. Fari ya cinye masa shanu kaf, da wannan aikin kaɗai yake ci da iyalinsa.

Sai ganye ya soma rawaya, bakinsa na ƙonewa. Shef ɗinmu, wato shugaban lambun, mutumin da bai taɓa tsugunawa gaban gwangwani ba don kada wandonsa ya yi ƙasa, ya ce a ƙara taki. Muka ƙara, abin ya daɗa lalacewa.

Wata safiya ina tarar ruwan awo, dattijon ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar.

"Ɗana, wannan ai kanwa ce. Da me aka kwaso bawon nan?"

Ni na samo wa kawuna jigilar bawon daga Dungas da jakunansa, a cikin mangalolin da yake kai kanwa Nijeriya da su. A wajenmu wa ke wanke mangala? Zazzagewa ake yi a zuba wani kaya. Na tsoma takardar, ta fito kamar daga marina.

"Baba, don Allah ka bar maganar nan tsakaninmu tukuna."

Ya dube ni, ya ce to.

Da furen ya mutu kusan duka, shef ya tara mu a biro, wato ofishinsa. Ba fure ne ya dame shi ba, abin da zai gaya wa na sama da shi ne. Wata huɗu littafin awona na kan teburinsa, ko sau ɗaya bai buɗe ba, sai dai ya ɗora kofin shayi a kai. Ya waiga ya ga wanda ba shi da kowa, ya ce tsohon ne ke ban ruwa da tsakar rana har ya dafa saiwar. Ya ce in rubuta rapor, wato rahoto, cewa awo lafiya lau, laifin ban ruwa ne.

Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ba su ruwa da rana ba." Ya juyo wajena yana jira. Bai ambaci kanwa ba, don ya riga ya ce mini to.

Na rubuta, na sa hannu. Matata na da ciki, kuma ina tsoron a ce na cusa ɗan'uwana a aikin gwamnati. Hujjar da na ba kaina ke nan, kuma hujjar banza ce.

Na yi shekaru ina zagin shef ɗin nan, kuma ya cancanta: malalaci ne, matsoraci, mai taka na ƙasa don ya tsira. Amma shi bai san komai ba. Ni na sani, kuma haushin kaina ya fi nasa ci mini rai.

Washegari aka sallami dattijon. Ya zo ɗaukar butarsa da tabarmarsa, ya tarar da ni ina zazzage gwangwanaye, na kasa ɗaga kai.

"Ɗana, in za ku sake shuka, ku jiƙa bawon kwana uku, ku zubar da ruwan."

Ya kama hanyar Bande a ƙasa. Kafin damina na ji ya kwashi iyalinsa sun tsallaka iyaka neman abinci, ban sake ganinsa ba.