Mawaƙan Duniya a Kasuwar Dungas

Har gobe ban manta da ranar da na goya manyan mawaƙan duniya biyu a bayan moto, wato babur, na kai su kasuwar Dungas ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha tambayata abin da ya sa ba a taɓa kiɗan da muke sakawa kafin sanarwa. To ga labarin, na rubuta shi da hannuna, tunda yanzu hannun ya iya.

Sunana Isuhu. Planto aka ɗauke ni tun lokacin da aka buɗe wannan ƙaramin gidan rediyo namu na ƙasar Magarya. Planto ɗan aike ne: shara, kai takarda, ɗebo ruwa. Amma da yake ma'aikata ba su da yawa, sai ɗakin kaset ya zama a hannuna. A lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Da launi da hoto nake gane kowane kaset, kuma ban taɓa miƙa wa mai gabatarwa wanda bai nema ba.

Wata shekara, bayan an gama kaka, aka turo mana sabon direkta daga Yamai, Mushe Nasiru (Mushe shi ne Malam a Faransanci), matashi mai ilimi da saurin magana. Ya zo da ordinatar, wato kwamfuta, ya ce duk waƙoƙi za su koma cikinta. A taron farko ya ƙara da cewa duk wanda bai iya rubuta rapor ba, wato rahoton aikin da aka sa shi, ba shi da kujera a gidan nan. Bai kama suna ba. Ba sai ya kama ba, don duk ɗakin ni kaɗai ne aka ƙi kallo. Wata takwas ke nan da na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ina zuwa bayan la'asar. Ina iya rubutu, amma kafin in gama layi ɗaya shayi ya huce.

A mako na biyu ya kira ni buronsa, wato ofishinsa. Ya ce zai yi shiri na musamman a kan mawaƙa biyu da suka girgiza duniya, ɗaya Ba'amurke, ɗaya Bature ɗan Ingila, duka sun rasu: wane ne ya fi barin gado, wane ne waƙarsa ta fi nisa? Ya nuna mini hotunansu. Na san su sarai, daga bangon kaset. Ni da Madam Rabi mai karanta sanarwa mun daɗe muna ce musu Mai Jar Riga da Mai Tabarau. Mushe Nasiru ɗan gidan Mai Jar Riga ne. Ya ce ba ƙasar da ba a taka rawarsa ba, shi kansa ya taka ta a jami'a har ya ci kyauta.

"Malam Isuhu," in ji shi, "ina so in nuna cewa har ƙauyukanmu tasirinsu ya iso. Ka je kasuwar Dungas, ka saka wa mutane waƙa ɗaya ta wannan, ɗaya ta wancan, ka tambaye su wa suka sani, wa ya fi. Ka rubuto mini. Daga nan zan san inda zan ajiye ka."

Ya danna ordinatar don in ji waƙoƙin da ya zaɓa. Da na ji farkon ta farko, na gane ta. Da na ji ta biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata magana..."

Ya ɗaga hannu. "Ba ra'ayinka nake nema ba. Na jama'a."

Na juya na fita. A nan dole in yi wa baƙo bayani. Abin da ke riƙe gidan rediyo irin namu sanarwa ce, kuma manyanta biyu ne: sanarwar rasuwa, da cigiyar dabbar da ta ɓata. Ana karanta su da bakwai na safe da kuma bayan azahar, kowace da ɗan kiɗan da ake sakawa gabanta don mai sauraro ya shirya kunnensa. Mushe Nasiru da tara yake zuwa, da azahar yana gida, kuma a gida gidajen rediyon ƙasashen waje yake kamawa. Bai taɓa jin sanarwarmu ba.

Ranar kasuwa na ɗaure lasifika a moto, na sa kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, a aljihu. Na sauka wajen masu awon hatsi, na gaisa da mutane, na kunna ta Mai Jar Riga. Kiɗa ne mai sanyi, a hankali yake farawa. Kafin ya yi nisa, layin gero ya yi tsit. Alhaji Mati mai awo ya ajiye tiya a bakin buhu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Isuhu, wa muka rasa?"

Na ce ba kowa, tambaya ce aka aiko ni. Ba wanda ya ji ni. Mutane na ta matsowa, kowa na jiran suna. Wata mai ƙuli-ƙuli, ashe mijinta na kwance a gidan likita a Damagaram, ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Na kashe lasifikar, na rantse mata sau uku cewa ba wanda ya mutu. Da ranta ya dawo ta dube ni ta ce, "To don Allah, kai da furfurarka, me ya kai ka kaɗa mana shi a tsakiyar kasuwa?"

Na daure na yi tambayar da aka aiko ni. Na ce mai waƙar wani babban mawaƙi ne na Amurka, shin sun san shi?

Alhaji Mati ya ce, "Yo wa bai san shi ba? Shi ya gaya mini rasuwar yayana. Shi ya gaya mini ta surukina. Ka rubuta mun san shi, kuma ka ɗauke shi daga nan."

Na tura moto zuwa kasuwar bisashe, na kunna ta Mai Tabarau. Wannan mai zafi ce, da ganguna. Nan da nan dillalai suka kewaye ni. "Me ya ɓata? Akuya ko rago?" Wani mutumin Bande ya kutso yana haki, ya ce Allah ne ya kawo ni, jakarsa ce ta ɓata kwana uku, fara, kunnen hagu a tsage. Na ce masa yau ba cigiya na fito ba, ra'ayi nake nema a kan mawaƙin Ingila.

Ya ce, "To shi mawaƙin ya ga jakata?"

Na rubuta masa cigiyar, don ba ni da zuciyar hana shi.

Kwana biyu na yi a kan rapor ɗin. Ban ƙara ba, ban rage ba. A ƙarshe na sa: "Mai Jar Riga, kowa ya san shi, ba mai son jin sa. Mai Tabarau, maza sun fi sanin sa, musamman masu bisashe."

Mushe Nasiru ya karanta sau biyu, Madam Rabi na tsaye. Ya tambaya wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki na saka waƙoƙin nan gaban sanarwa tun farko. Na ce ni ne. Lokacin da aka buɗe gidan, an ce a nemo kiɗan da zai raba sanarwa da sanarwa. Akwai kwalin kaset da wasu Turawan aikin rijiyoyi suka bari. Na bi su da kunne ɗaya bayan ɗaya, mai sanyin na ba mutuwa, mai zafin na ba cigiya. Direktan wancan lokaci ya ji, ya ce ya yi.

"Ka san abin da waƙar Mai Jar Riga ke cewa?" in ji Mushe Nasiru. "Saurayi ne yake roƙon budurwarsa kada ta tafi ta bar shi! Ita kuka yi shekara da shekaru kuna binne mutane da ita?"

Madam Rabi ta ce, "To ai Mushe, ita ma rabuwa ce."

Bai yi dariya ba. Ya ce daga ranar an cire duka biyun, mai karatu ya fara da sallama kawai kamar kowane gida mai mutunci. Washegari ya miƙo mini takarda a ambulan. Na zauna a bakin ɗakin kaset na bi ta baƙi bayan baƙi. Ita ce takardar aiki ta farko da na karanta da kaina ba tare da na nemi kowa ba, kuma abin da ta ce shi ne aikina zai ƙare a ƙarshen wata. Ban gaya wa iyalina ba. Na ci gaba da shara.

Saura kwana shida wata ya ƙare, dattawa uku suka zo daga Mallawa. Babbansu, Malam Habu, ya ƙi kujera, ya ce a tsaye zai yi magana. Ƙanensa ya rasu makon jiya, sun kawo sanarwa, an kuma karanta, shi da kansa ya ji. Amma 'yan'uwansu na Bande da na ƙetaren iyaka ba wanda ya zo gaisuwa sai bayan sadakar uku. Da aka tuhume su, suka ce rediyon na kunne, sai dai ba su ji kiɗa ba. Mata na daka ba su tsayar da taɓarya ba, maza na hira ba su yi shiru ba. Yanzu ga gaba ta shiga tsakanin zuri'a ɗaya, matar mamacin ta ce ba ta ƙara taka Bande.

Mushe Nasiru ya fara bayani cikin ladabi, ya ce kiɗan na wani Ba'amurke ne, kuma asalinsa waƙar soyayya ce, bai dace ba.

Malam Habu ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Ɗana, can garinsu ya yi soyayyarsa. Nan da ya zo, aikin da aka ba shi ke nan, kuma yana yi da kyau. Ku mayar mana da kiɗan mutuwarmu."

Da azahar ɗin ranar aka mayar da duka biyun. Shirin na musamman kuwa an yi shi ranar Lahadi, kuma Mushe Nasiru ya karanta rapor ɗina a ciki daga farko har ƙarshe. Ya yanke cewa Mai Jar Riga ne ya ci, tunda ba gidan da bai shiga ba daga nan har bakin iyaka. Nasarar da yake so ce, amma ban ji daɗi a muryarsa ba. Madam Rabi har yau tana cewa an yi wa Mai Tabarau maguɗi, don shi kaɗai ne in ya yi kira wani lokaci ake samun abin da aka rasa.

Ranar Litinin direkta ya same ni ina share baranda. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Isuhu, takardar nan da na ba ka, akwai kuskure a ciki. Dawo mini da ita, ba sai ka nemi mai karanta maka ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na karanta."

Ya dubi tsintsiyar da ke hannuna. Sannan ya ce daga yau ni zan riƙa karɓar masu kawo sanarwa ina rubutawa a babban kaye, kuma in ya ƙara ɗaga mini hannu ina cikin magana, in ci gaba da maganata.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Mu a nan muna danna maɓalli ne kawai, abin da ya fita ta eriya ya bar hannunmu, ya bar hannun wanda ya rera shi. Kafin ku gyara wani abu da kuka tarar a gidan nan, ku fara zuwa kasuwa ku ji sunan da mutane suka sa masa.