Wa Ya Karantar da Ummul-Khair?

A Buokrom, wata unguwa a Kumasi, bayan masallacin da ke kallon famfon unguwa, akwai makarantar Malam Idirisu. Ajujuwa ne 'yan kaɗan, da zaure, da wani ɗaki a ƙurya da aka gina don baƙi, baƙin kuma suka fi son sauka gidan 'yan'uwansu. A kan wannan ɗaki ne Ummul-Khair, 'yar Malam ta biyu, ta kusa ɓatawa da mahaifinta.

A gidan aka haife ta. Ta sauke Alƙur'ani a gaban Malam, ta yi boko, ta yi kwalejin horon malamai, ta dawo tana koyar da lissafi a makarantar gidansu, inda albashi ke zuwa idan ya ga dama. Ta auri Abdul-Manan, direba a tashar Sofoline, mutumin da ba ya iya wuce abin da aka yar a bakin hanya. Wata rana ya dawo da tsofaffin kwamfutoci a bayan motarsa, wani ofishi ne ya gaji da su. Ya ce mata ko ba su yi aiki ba, akwatunan za su yi kyau da kaji.

Sun yi aiki, amma da ƙyar, kamar tsoho mai hawan tudu. Da take neman mafita a intanet sai ta gano akwai manhajojin da masu su suka bar a buɗe: kowa yana iya ɗauka, ya leƙa cikinsu, ya gyara, ya ba wani. Ta saka irinsu, kwamfutocin suka farfaɗo. A ciki akwai wata ta koya wa yara buga rubutu, sai dai idan aka zo Larabci haruffan sukan rabu da juna, su kuma nufi dama maimakon hagu. Ummul-Khair ta yi watanni tana koyon yadda ake shiga cikinta, tana tambayar mutanen da ba ta taɓa gani ba, har ta gyara. Ta aika gyaran ga mai kula da manhajar, wata Adwoa Pokuaa da ke Accra, daga baya aka karɓa.

Sai ta je wurin Malam, ta durƙusa, ta nemi ya ba ta ɗakin baƙi ta riƙa koyar da yara wannan ilimi.

Malam Idirisu ba ya ƙin sabon abu. Yana da waya, yana kuma yi wa limamai gyara da ita. Amma a gidansu ba a karantar da littafi sai an faɗi a bakin wa aka ji shi, shi ma a bakin wa ya ji, har zancen ya kai Salaga ko Katsina. Wanda ya karanta shi kaɗai, ko da daidai yake karantawa, sauraro ne nasa.

"Wa ya karantar da ke?" in ji shi.

"Mutane da yawa ne, Baba."

"Faɗi ɗaya."

Ta yi tunani. Wanda ya fi taimaka mata a dandalin tambayoyi sunansa Ɗankwaɗo da wasu lambobi a baya, hotonsa kuma kwaɗo ne sanye da tabarau. Ta ga bai dace ta kawo shi zauren ba.

"Ban san sunayensu na gaskiya ba."

"To ba ki da malami, Ummu, kina da labari. Yara su taɓa injin, ban hana ba. Amma a ce an buɗe darasi a gidan nan ba izini, sai bayan raina."

A daidai lokacin yayanta Kassim, mai sayar da gwanjo a kasuwar Race Course, shi ma ya sa wa ɗakin ido. Damina ta kusa, dilolinsa na kwana a ƙarƙashin leda. Hujjarsa gajera ce: dila ba ta neman izinin kowa, ba ta kuma shan wuta. Malam ya ce zai yanke magana kafin ruwan farko.

Ana cikin haka Adwoa Pokuaa ta aiko da gayyata. Masu irin wannan manhaja za su yi taro a nan Kumasi, a wani zauren kusa da jami'a, suna so Ummul-Khair ta yi jawabi kan gyaran da ta yi. Ta faɗa wa mahaifiyarta kawai, ta roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Kafin la'asar matan layin sun zaɓi atamfar da za a ɗinka iri ɗaya.

Ranar taron Abdul-Manan ya ajiye aikin kai fasinja Sunyani ya cika motarsa da mata masu shuɗin yayi, wato atamfar nan iri ɗaya, da kuloli na waakye, dafaffiyar shinkafa da wake. A kujerar gaba, ba tare da an gayyace shi ba, Malam Idirisu ya zauna da rawaninsa da sandarsa. Ya ce ba zai bari 'yarsa ta yi magana gaban jama'a bai ji abin da za a jingina wa gidansa ba.

Masu taron samari ne da 'yan mata cikin riguna masu rubutu a ƙirji, kowa da kwamfuta a cinya. Ba su shirya wa rakiya ba, amma sun ƙaro kujeru. Ummul-Khair ta hau dandamali da takardarta ta Turanci da ta sha maimaitawa. Da ta ɗaga kai ta ga mahaifinta a sahun gaba, sai tarbiyya ta riga takardar. Ta gaishe shi. Ta gaida mahaifiyarta, da gwaggonninta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta amsa da ƙarfi ta tambayi gajiya, alhali mota ɗaya ta kawo su. Mai kula da lokaci ya ɗaga ɗan allonsa kafin ta ambaci kalmar kwamfuta.

Lokacin da ya rage ta yi amfani da shi da kyau. Ta ajiye takardar, ta nuna a bango yadda haruffan suke a warwatse da, da yadda suke riƙe da juna yanzu. Ta ce a makarantunsu yaro yana fara rubutu daga dama kafin ya san akwai masu farawa daga hagu, kuma ba ta ga dalilin da zai sa injin ya nuna masa cewa hannunsa ne ya yi kuskure ba. Aka tafa. Matan yayi suka yi guɗa, wani bature a baya ya firgita ya zubar da shayinsa.

Da aka zo tambayoyi, sandar Malam ce ta fara tashi. Aka miƙa masa makirufo. Ya yi Hausa, ya dubi 'yarsa ya ce ta fassara, kada ta rage komai.

Ba ta rage ba. Ta ce da Turanci, muryarta a daidai, "Mahaifina yana tambaya, wa ya ba ni izinin koyar da wannan abu."

Aka yi dariya, ana zaton wasa ne. Wani saurayi mai kirki ya tashi ya bayyana cewa akwai rubutaccen sharaɗi tare da manhajar wanda ya ba kowa a duniya izini, ba sai an tambaya ba. Ummul-Khair ta mayar da Hausa.

"Na gode masa," in ji Malam. "Izinin ɗauka ke nan. Ni na koyarwa nake tambaya. Rubutun nan ya zauna da ita? Ya ji inda take tuntuɓe?"

Sai wata mace gajera mai furfura a goshi ta taso daga gefen zauren. Ita ce Adwoa Pokuaa. Ba ta bi ta Turanci ba, ta gaida Malam da Twi, harshen mutanen Kumasi, gaisuwar manya, shi kuma da ya tsufa a Kumasi ya amsa mata da Twi da ya fi na wasu jikokinta.

"Papa, ni na duba aikinta."

"Kin karɓa da ta kawo?"

"A'a. Na mayar mata."

Malam ya gyara zama. "Kin mayar."

"Na mayar, ta gyara, na sake mayarwa. Har na fara jin kunya. Akwai inda na ce ta yi kuskure, ta nuna mini ba haka Larabci yake ba, na janye. Akwai inda ta yi gardama, ita ta janye."

"Gardamar ta gida ce," in ji Malam. "Ke kuma a wurin wa kika ɗauka?"

Adwoa ta ambaci wani malaminta na jami'a da ya rasu, da wani mutum a Brazil da ya fara rubuta manhajar, wanda ya yi shekaru yana mayar mata da nata aikin.

"Kin taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"To ki nemi ganinsa, ba a barin irin wannan." Ya nuna 'yarsa da sanda. "Yanzu ki faɗa da bakinki, gaban mutanen nan, kin yarda ta koyar da abin da ta ɗauka a wurinki?"

Adwoa ta dubi Ummul-Khair, wadda ke tsaye a dandamali tana murza gefen mayafinta. Adwoa ta faɗa da Twi cewa ta yarda, ta sake faɗa da Turanci don na baya su ji. Malam ya ɗaga hannuwa ya ce a yi fatiha. Rabin zauren bai san me ake yi ba, amma ganin matan yayi sun ɗaga hannu, su ma suka ajiye kwamfutocinsu suka ɗaga. Jadawalin taron ya lalace daga nan har yamma, ba wanda ya kai ƙara, domin an buɗe kulolin waakye.

A hanyar dawowa suka wuce Asawase. Sannan Malam ya ce, ba tare da ya juyo ba, silsilar malamanta gajera ce, mutum uku kacal, amma ya ga wadda ta fi ta tsawo da ba ta kai ta ƙwari ba.

Washegari bayan sallar asuba ya kira Kassim ya ce ya nemi wa dilolinsa wani wuri. Kassim ya ce ai shi ma ɗa ne. Malam ya ce ƙwarai, shi ya sa aka fara gaya masa. Ya ba Ummul-Khair makullin da sharaɗi ɗaya: duk ranar da za ta buɗe darasi, ta faɗa wa yara a wurin wa ta ɗauka.

Haka take yi har yau. Yaran Buokrom suna zaune biyu-biyu a gaban tsofaffin injuna, wuta na zuwa tana tafiya, suna karanto sunan Adwoa Pokuaa da na mutumin Brazil da ƙira'a mai daɗi kafin a kunna komai. Akwai 'yan mata biyu a ajin da suka fara leƙa cikin manhajar da kansu. Makon jiya ɗayarsu ta kawo gyaranta na farko, Ummul-Khair ta karanta, ta yaba, ta mayar mata.