Goggo Mairamu Ba Sabuwar Leda Take So Ba

Da an sallame sallar asuba a unguwar Kumbiya-Kumbiya da ke Gombe, tun masu koko ba su gama damu ba, za ka hangi wata tsohuwa a bakin kwata, ta tattare hijabi ta ɗaure a ƙugu, buhu rataye a kafaɗa. Goggo Mairamu ke nan. Leda take tsinta. Baƙa, fara, mai ratsi, wadda aka ɗauro manja a ciki, wadda kaji suka gama tonawa, duk nata ne. Kafin rana ta yi zafi ta koma gida ta juye a baho, ta wanke, ta sake wankewa, ta shanya. Baƙon da ya leƙa tsakar gidanta ya ga baƙaƙen ledoji reras a kan igiya, sai ya ɗauka jemagu ne suka sauka.

Bayan la'asar take zama aikin. Ta ninke leda a tsaye, ta datse hannu da gindi da almakashi, ta yayyanka saura kamar faɗin yatsa biyu. Kowane yanki in ta buɗe shi zobe ne. Ta zura wannan cikin wancan ta ja, ta zura ta ja, har ya yi tsawo, sannan ta murza shi da mazarin kakarta, wanda a da auduga kawai ya sani. Zare ya fito, ga ƙarfi ga sulɓi. Da kwarashi take saƙa shi, ya zama tabarmar zama, ko jakar cefane, ko faifan rufe kwano. Ruwa ba ya ruɓar da su, gara ba ta ci.

Amma ba don tabarma ta fara ba, kuma nan ne mutanen lungun suka kasa gane ta. Lungun gangare ne. Duk ruwan sama ta ƙaramin kwalbatin ƙofar gidan Barira mai ƙosai yake wucewa. In leda ta toshe shi, ruwa ba ya sallama, ɗakunan mutane yake faɗawa. Ku tambayi Barira, ita da ta sha ɗora katifa a ka, garun ɗakinta na ƙasa yana jiƙa yana zubowa. Tun da Goggo ta ɗora wa kanta wannan tsintar, damina nawa aka yi ruwa bai tsallake dokin ƙofar kowa ba.

Ke ce mai sunkuyawa inda kowa ke toshe hanci ya wuce, Goggo. Ke ce aka yi ta raɗa a kanki da farko, wai ko tsufa ya fara taɓa kai, ba ki ko waiwaya ba. Masu raɗar a kan tabarmarki suke cin tuwo yau.

To, ga inda haushin yake. Ba a suna ko biki a lungun nan Goggo ba ta aika da tabarma ko jaka ba. Matan unguwa kuwa masu kunya ne, ba sa karɓar alheri su zauna. Suka ce me za a yi wa Goggo tukuici da shi? Ai leda take so. Amma wa zai ɗauki ledar da aka ƙunso kifi ya miƙa wa babbar mace? Sai su tafi shagon Sallau da ke bakin titi su sayo sabuwa dal, ƙunshi guda, su kawo a kan faranti har da durƙusawa. Tsohuwar ledar kuma a wurga ta kwata kamar kullum.

"Barira, wannan fa?"

"Ba yawa, Goggo. Mai kauri ce, na ce Sallau ya zaɓo miki."

"Wadda kika ƙunso wake jiya tana ina?"

"Haba Goggo, ai ta yi datti. Na yar."

"A ina kika yar?"

Barira ta sunkuyar da kai.

"To, Allah ya yi albarka. Gobe da asuba na je ƙofar gidanki na ɗauko abata."

Ta faɗa musu cikin wasa, ta faɗa da faɗa, ta sa an faɗa a islamiyyar mata. Sai su kalli juna su ce kawaici ne irin na Fulani, ba ta son a wahala saboda ita. Sallau kuwa har kala-kala ya riƙa sarowa, yana ce wa duk matar da ta wuce, "Hajiya, ta Goggo ta iso fa."

Bana gwiwa ta ƙi. Likita ya hana ta sunkuyo, 'yarta Batul ta ce lallai ta koma wajenta a unguwar Tumfure. Unguwa ta haɗa mata walimar ban kwana. An yi addu'a, an yi kuka, an yabe ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Kowace mace ta zo da ƙunshinta na sabuwar leda, aka tara tsibi a gabanta. Aka raba cincin da dambu da zoɓo. A cikin me? A leda mana.

Washegari Batul ta zo da a-daidaita-sahu, aka ɗaure kaya. Goggo ta fito tana ɗingishi, ta dubi kwata. Ledojin walimarta ne fal, sun cunkushe bakin kwalbati. Ta ɗaga kai ta dubi gabas, ga hadari yana haɗuwa. Sai ta fara tattare hijabi.

"Inna, wallahi in kika shiga kwatar nan ba na yafewa," in ji Batul.

"Ce wa mai keke ya kashe inji."

"Likita fa ya ce..."

"Likita ba a lungun nan yake kwana ba. Miƙo min buhuna."

Mata suka firfito ƙofar gidaje, ana ta "sannu Goggo, Allah ya biya". Barira tana gaban kasko. Ta dubi tsohuwar tana laluben inda za ta dafa ta sauka, ta dubi garun ɗakinta. Ta ajiye matsami, ta cire takalmi, ta naɗe zani, ta riga Goggo shiga kwatar. Ta zura hannu cikin kwalbati ta zaro curin leda baƙi ƙirin yana ɗiga, ta tsaya riƙe da shi tana kawar da fuska, ba ta san inda za ta kai shi ba.

Goggo ta buɗe bakin buhu. "Zuba nan, 'yar nan. Yau kika ba ni tukuici."

Kada a ƙara gishiri, Barira kaɗai ce ta shiga. Saura sun tsaya suna yi mata sannu ita ma.

Goggo Mairamu, Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki wannan gwiwar, ya sa abin da kika tsinta ya zama nauyi a mizaninki. Kin kai inda ƙarfinki ya kai, har kin wuce.

Ku kuma mutanen lungu, da duk mai kwata a ƙofar gidansa a garin Gombe, ruwa na tafe, kuma ba mai fitowa da asuba a madadinku. Wanda yake son ya gode mata kada ya bi ta shagon Sallau. Ya sunkuya a ƙofar gidansa, ya cika buhu, ya aika Tumfure. Tana zaune, hannu da mazari lafiya lau. Ta ce ko ba ku wanke ba ku kawo, tana da sabulu.