Gwaggo Hajo ta tsaya wa mangwaron Baba

'Yan gidanmu, ku ji abin da ya hana ni sare mangwaron Baba yau!

Kun san tun rasuwarshi iccen nan na tsakar gida bai sake yin ɗiya ba. Ni kuma wurin nike so in gina ɗaki. Da safe na aro gatari. Ɗagawata ke nan sai ga Gwaggo Hajo, tsohuwar maƙwabciyarmu, da takalmi ƙafa ɗaya. Ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Haba malam, a yi mishi haƙuri. Ni na tsaya mishi, baɗi zai yi."

Kun tuna? Duk shekarar da iccen ya ƙi hure, Baba kan ɗauki gatari kamar zai sare, marigayiya Inna ta fito daga madafa tana wannan roƙon, mu muna dariya bayan randa. Wai tsoro ake ba icce.

Na ce, "Gwaggo, ni fa da gaske nike."

Ta ce, "Yawwa, haka ubanka ke cewa. Ɗaga murya ya ji." Sannan ta yi ƙasa da murya: "Na daɗe ina jira waninku ya tuna. Iccen da ba mai yi mishi faɗa, don wa zai haihu?"

Na ɗan taɓa gindin da gatarin yadda Baba ke yi, na ɗebo ruwa na zuba mishi.

Yanzu magini ya kira yana tambayar wurin ɗaki. Na ce mishi sai baɗi, mai wurin ya samu mai tsaya mishi.