Akwatin Kyamarorin Baba Yahuza

Duk shekarun da na yi ina ɗinkin kujeru a unguwar Sakasaka, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Talata cikin bazara, da Madam Fati ta tsayar da babur ɗinta a ƙofar shagona. Malamar makaranta ce, na taɓa gyara mata kujerun falo. Ko hular kwano ba ta cire ba ta ce, "Masta Sule, ka taɓa yi wa kyamara wurin kwana?"

Na ce ban taɓa ba, amma hannun da ya yi wa manyan gari kujera ai kyamara ba za ta gagare shi ba. Ku da kuka yi aiki da ni kun san bakina.

Ga yadda abin yake. Mahaifinta, Baba Yahuza, tsohon mai hoto ne a unguwar Kukuo, yana da kyamarori huɗu irin na da, masu aiki da fim. Wasu masu baje kolin tsofaffin hotuna a Accra sun nemi a kai musu su tare da hotunansa. Tsohon ya ƙi ƙememe, don shekara da shekaru kyamarorin ba su bar ɗakinsa ba. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗi guda: sai ya ga akwatin da za a saka su, ya gamsu. In bai gamsu ba, ba kyamara, ba hoto, aikin rayuwarsa ya ci gaba da zama a ƙarƙashin gado. Motar Accra kuwa ranar Litinin za ta tashi.

Wayyo, daɗi ya kashe ni! Aikina zai je Accra! Madam ta kawo akwatin alminiyam da ta saya, na je Kukuo na auna kyamarorin, tsohon na tsaye a kaina ko ƙiftawa ba ya yi. Na dawo na yi abin da kowane mai ɗinkin kujera zai yi. Na zaɓi soso mafi laushi, na yanka wa kowace kyamara raminta. Na shafa gam a soson da jikin akwatin, na jira ya sha iska, na manna, sannan na lulluɓe da jan karammiski. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna jinjina mini, ni kuwa sai hura hanci nake.

Ranar Alhamis na ɗaure akwatin a bayan babur na nufi Kukuo. Baba Yahuza ya buɗe, bai ko kalli karammiskin ba. Sai ya sunkuya ya tura fuskarsa ciki, ya ja numfashi.

"Sule, zo ka shinshina."

Na shinshina. "Baba, ai ƙamshin sabon aiki ne."

"Ƙamshi a wurinka. 'Ya'yana ba za su kwana a nan ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da wata kyamara ta biyar da ban sani ba, ya miƙo mini. Gilashin idonta ya yi hazo fari fat, jikinta duk wani baƙin abu mai danƙo ya manne. Ya ce, "Wannan ba faɗuwa ta yi ba. Wani gwani irinka ya yi mata akwati. Zafi ya dafa gam ɗin, tururinsa ya hau gilashin, soson ya ruɓe ya shige mata ko'ina. Tana kwance lafiya lau ta mutu." Sannan ya danna sosona da yatsa, yatsan ya nutse har ƙasa. "Kuma wannan na mazaunin mutum ne. Mota ta faɗa rami ɗaya, ƙarfe zai bugi ƙarfe."

Kunya ta rufe ni, wallahi. Madam Fati da ke tsaye a gefe ta juya baya tana share ido. Amma ina kan babur a hanyar dawowa, sai na ji wani irin zumuɗi yana taso mini. Aiki ba gam! Tun da na koyi sana'ar nan ban taɓa tunanin akwai shi ba.

Na ɓamɓare komai, na kankare akwatin, na wanke shi da sabulu har sau uku, na bar shi a buɗe a rana. Na zaga kasuwa ina shinshinar soso kamar akuya, masu shago suna cewa Masta ya zautu. A wurin wani mai sayar da kayan wuta na sami farin soso mai tauri, wanda ba ya wari kuma ba ya marmashewa. Matata ta wanke mini farin alawayyo har sai da sitacin ya fita tas, don Baba ya ce yadi mai rini yana zuba. Na yanka ramukan da sabuwar reza, daidai jikin kowace kyamara, na bar ɗan wurin sa yatsa a ɗago ta. Yadin kuwa da basilla da zare na ɗinke shi. Soson na yanka shi ya ɗan fi akwatin faɗi, yadda in an danna shi zai kama kansa da kansa. Da ya shige ya zauna daram, ihu na yi ni kaɗai a shago.

Ranar Asabar na mayar. Baba ya rufe akwatin babu komai a ciki, ya ajiye a tsakar gida inda rana ta fi duka, ya ce in dawo gobe bayan la'asar. In akwai warin da ya ɓuya, zafi zai tona shi.

Lahadi na iske shi zaune a kan tabarma, Madam na gefensa. Akwatin ya yi zafi har sai da ya sa gefen rigarsa ya buɗe. Ya sunkuya ya shinshina. Ya sake.

"Ban ji komai ba," in ji shi.

Madam ta ce, "Baba, wato bai yi ba?"

"Ke, abin da nake nema ke nan!"

Ya bari akwatin ya huce a inuwa, sannan ya ɗauko kyamarorin ɗaya bayan ɗaya ya kwantar da su da hannunsa. Ya rufe, ya ɗaga, ya jijjiga a saitin kunnensa. Shiru. Ya daɗe rungume da akwatin a ƙirjinsa, har na ɗauka ya fasa. Can sai ya miƙa wa 'yarsa, ya ce, "Fati, kai su. Bari mutane su ga abin da ubanki ya yi."

To, ku matasa, abin da na koya ke nan. Gwanintar hannu takan sa mutum ya daina tambaya. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini abin da yake ji da shi, kafin in taɓa almakashi sai na zaunar da shi na ce, "Faɗa mini, me ke kashe wannan abin?"